Auna Tsawon Kifi Don Sanin Nauyinsa

Malam manomi, abincin kifi shi ne ke cin mafi yawan kuɗin mai kiwo. Ana ba kifi abinci bisa nauyinsa ne. In ka zuba da yawa, ragowar ya ruɓe ya ɓata ruwa. In ka rage, manyan tarwaɗa su cinye ƙanana. Ba kowa ke da sikeli ba, amma rula ko tef na tela ba ya wuyar samu.

Ka ari sikeli sau ɗaya. Da sassafe, kafin ba da abinci, ka kamo tarwaɗa kamar 20 da koma. Ka kwantar da kowace a kan jiƙaƙƙen buhu, ka auna daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, sa'an nan ka ɗora a sikeli ka rubuta. A yi hankali da ƙayar gefenta, tana suka.

Misali, a ce masu santimita 30 suna giram 200, masu santimita 40 kuma giram 500. Ƙarin tsawo santimita 10 ke nan, ƙarin nauyi giram 300. Wato kowane santimita ɗaya yana kawo giram 30. To, 30 sau 30 ya ba da 900, alhali kifin giram 200 ne, saboda haka sai a riƙa ɗebe 700. Ga lissafin:

Nauyi = (30 × tsawo) − 700

Gwada shi da 40: 1,200 a ɗebe 700, saura 500. Ya yi daidai.

Bayan mako biyu ka sake kamo wasu, rula kaɗai za ka nema. A ce yawancinsu santimita 35 ne. 30 sau 35 shi ne 1,050, a ɗebe 700, saura giram 350. In kifi 500 ke cikin tafkinka, nauyinsu duka kilo 175. Kashi 3 cikin 100 na wannan, kilo 5 da kwata, shi ne abincin yini, a raba safe da yamma. Ran da ɗan kasuwa ya zo kuwa, ba zai yi maka ƙiyasi da ido ba.

Amma fa a lura. Lissafin nan yana aiki ne tsakanin tsawon da ka auna kawai, 30 zuwa 40. Kifi ba tsawo kaɗai yake ƙarawa ba, har da kauri da faɗi, don haka in tsawonsa ya ninka biyu, nauyinsa kan ninka kusan takwas. Sa santimita 20 a lissafin ka gani: 600 a ɗebe 700, kifin ya zama ba shi da nauyi, har ana binsa bashi! Mai santimita 50 kuwa zai fi abin da lissafi ya ce. In sun wuce 40, ka sake aro sikeli ka gyara.

Kada ka ari lissafin maƙwabcinka, ko wannan na misali. Kifin da ya ƙoshi ya fi ramamme nauyi ko da tsawonsu ɗaya, haka ma mace mai ƙwai. Karfasa kuma faɗi gare ta, sai ka yi mata nata daban.