Tsatsar da Ke Cin Mota Daga Ciki

Tsatsa takan samu ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, gishiri kuwa yana ƙara mata sauri. A Ingila, inda ake barbaɗa gishiri bisa hanyoyi lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara, masu tsofaffin motocin gudu sun daɗe da sanin wannan cuta.

Misali shi ne Mazda MX-5, 'yar mota mai rufin tamfol wadda ta fito a 1989. Ruwan saman da ya sauka a rufinta yakan fita ta wasu ƙananan magudanai. Idan ganye da ƙasa suka toshe su, sai ruwan ya kwanta cikin dogon ƙarfe mai rami da ke ƙarƙashin ƙofa. Daga nan tsatsa za ta yi ta ci daga ciki, kamar yadda gara ke cin katako, alhali fenti yana ƙyalli a waje. Abin tsoron shi ne, motar da ba ta da rufin ƙarfe ta dogara ƙwarai da wannan ƙarfe yayin karo.

Shi ya sa a gwajin MOT na Birtaniya, mummunar tsatsa cikin santimita 30 daga maɗaurin bel ko na birki takan kayar da mota.