Ana Cin Furen Lilak?

Tambaya: Ina zaune a Ingila, lilak ya cika lambun maƙwabciyata. Wai ana cinsa?

Amsa: 'Yar'uwa, ana ci, amma furen kawai. Asalinsa daga duwatsun Balkan ne, yana fure tsakanin Afrilu da Mayu. Ki nemi izinin maƙwabciyarki tukuna, ki kuma tabbatar ba a yi masa feshin magani ba. Ki tsinka da safe, ki cire koren gindin, don nan ɗacin ya fi yawa. Turawa kan jiƙa furen cikin zuma ko ruwan sukari. A da har ɓawonsa sukan dafa su sha don zazzaɓi. Wannan kam ki bar shi, in zazzaɓi ya kama ki ki je asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne kurnar nasara, wadda Turawa ke kira lilak na Farisa, kada sunan ya ruɗe ki. 'Ya'yanta guba ne, kada yara su kai su baki.