SAMUDAWA, FARA DA BANZA: NAZARIN KALMOMI UKU A TARIHIN ZAMFARA

1.0 Gabatarwa

Sunke ƙauye ne a ƙasar Anka, kuma Sarkin Anka shi ke riƙe da sarautar Sarkin Zamfara. Kakanninsa sun zauna Anka ne a ƙarni na 19, bayan Sarkin Gobir Babari ya rushe Birnin Zamfara a cikin shekarun 1760, gidan sarauta ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Don haka ba abin mamaki ba ne a ji mutanen wannan yanki, har zuwa Bukkuyum da Gummi, suna gardama a kan asalin Zamfarawa da lokacin da suka karɓi Musulunci. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa yawancin gardamar ta rataya ne a kan ma'anar kalmomi, kuma kalma ita kaɗai ba ta isa ta tsaya shaida a kan abin da ke binne cikin ƙasa ba.

2.0 Samudawan Dutsi

Riwayar baka ta nuna cewa sarakunan Zamfara na farko, tun daga Dakka, sun zauna ne a Dutsi cikin ƙasar Zurmi, kuma wai samudawa ne. Hujjar da ake kafawa ita ce wasu dogayen kaburbura da ake dangantawa da su. Kurt Krieger, wani Bajamushe, ya tattara irin waɗannan riwayoyi a littafinsa na tarihin Zamfara na 1959, haka kuma Garba Nadama ya nazarce su a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977.

To, bari mu dubi kalmar kanta. "Basamude" ararriya ce daga Larabci, wato daga Samudu, mutanen Annabi Salihu (AS). Abin da Alƙur'ani ya siffanta su da shi shi ne sassaƙa gidaje a cikin duwatsu. Waɗanda aka ambata da ƙarin girman halitta kuwa Adawa ne, mutanen Annabi Hudu (AS). A bakin Bahaushe ne kalmar ta koma tana nufin kowane ƙato mai tsawo da ƙarfi. Ke nan ba yadda za a yi a kira sarakunan Dutsi da wannan suna sai bayan da karatun Alƙur'ani ya zaunu a ƙasar. Riwayar tana iya zama tsohuwa, amma rigar da ta sanya ta Musulunci ce. Ba Zamfarawa kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba: Barebari ma suna cewa mutanen So da suka riga su zama a bakin Tafkin Cadi ƙattai ne. Tsawon kabari dai yana iya nuna girman matsayin mamaci, ba lalle girman jikinsa ba.

3.0 Mazan Fara

Wata riwaya kuma ta ce wata 'yar Sarkin Gobir mai suna Fara ce ta ɓace a daji, maharba suka tsince ta, aka riƙa kiransu "mazan Fara", har sunan ya koma Zamfara. Ta fuskar tsarin sauti, rabin bayanin yana da madafa, domin /f/ baleɓe ne a Hausa, kuma /n/ takan yi naso ta koma /m/ a gabansa. Sai dai faɗuwar gaɓar "ma-" ba ta da wata ƙa'ida da ke tilasta ta. Kamannin sauti kawai ba hujja ba ne. Ai kama da wane ba ta wane.

Abin da muke da tabbacinsa shi ne sunan tsoho ne ƙwarai. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci ƙasar Zanfara a littafin da ya kammala a 1526. Tambayar da ta dace da mai nazari ita ce: wa ke amfana da labarin da ya mai da Bagobira uwar Zamfarawa? Idan aka tuna cewa Gobirawa sun shigo Zamfara a matsayin baƙi, daga baya suka ci ta da yaƙi suka gina Alƙalawa, za a ga labarin ya fi kama da na neman sulhu ko halatta mulki fiye da na asalin kalma.

4.0 Banza da Jahilci

Kalma ta uku ita ta fi yi wa Bazamfare zafi. Tun a Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello (1812) ake samun rabon ƙasashe bakwai-bakwai, kuma Zamfara da Kabi kan faɗa cikin "Banza Bakwai". Amma jerin bai tsaya wuri ɗaya ba: wasu kan sa Gwari da Kwararrafa, wasu Borgu da Gurma. Ga shi kuma Zamfarawa da Kabawa ba su da wani harshe sai Hausa. Tun a 1970 Abdullahi Smith ya nuna cewa labarin Bayajida ba zai iya zama bayanin kafuwar daulolin Hausa ba. Iyakar abin da "banza" ke nunawa a nan shi ne ƙasashen da ba su shiga cikin zuriyar Bawo ta Daura ba.

Haka ma batun addini. Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara tun daga wajen 1786, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya bayyana a Tazyinul Waraƙati cewa jahilci ya yi wa mutanenta rinjaye. Wasu kan ɗauki wannan su ce babu Musulunci a Zamfara kafin jihadi. Amma shi Abdullahin ne dai ya lissafa Hashimu Bazamfare cikin malaman da Shehu ya ɗauki tafsiri a wurinsu. Ashe akwai malamai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ilmi a tsakanin talakawa. Ko su magabatan sun yi saɓani a kan irin waɗannan kalmomi, domin muƙabalar da aka yi ta wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno a kan iyakar da ke tsakanin saɓo da kafirci ta ginu.

5.0 Kammalawa

Shaidu uku ke gaban mai nazarin tarihin Zamfara: riwayar baka, rubutun malamai, da kufai. Na farko da na biyu muna iya komawa gare su gobe. Na uku kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. A shekarun 1990 masu fataucin kayan tarihi sun yi ta tone mutum-mutumin yumɓu a Kwatarkwashi ana fita da su Turai, kuma abin da aka ciro ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kewaye da shi ba, ya zama bebe. A ƙauyuka irin su Sunke da Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a 2010, haƙar zinariya ta riga ta birkice ƙasa mai yawa, mai neman zinariya kuwa ba ruwansa da tsingaro.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban Hausa 'yan wannan yanki da su ɗauki riwayoyin dattawa da karin harshensu, ba tare da gyara "hwara" ta koma "fara" ba, su kuma rubuta sunan kowane kufai da inda yake. Wannan aiki ne da ba ya buƙatar kome sai alƙalami da haƙuri, kuma shi zai bai wa masu binciken kufai abin dafawa ranar da suka zo. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.