Yadda Kwamfuta Ke Yi wa Likitan Haƙori Jagora Wajen Gwajin Ƙashin Muƙamuƙi

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin wata dabara ta likitocin haƙori, domin mu ɗalibai mu ga yadda Hausa ke iya ɗaukar ilimin kimiyya.

Dalilin Gwajin

Wani lokaci ƙari kan fito a cikin ƙashin muƙamuƙi. Hoto kaɗai ba ya tabbatar da ko ciwon daji ne. Dole sai an ciro ɗan yanki an duba shi da madubin likita. To, amma a muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa. Idan aka yanke ta, leɓen na iya daina ji, wani lokaci har abada. Idan kuma aka kuskure ƙarin, sakamakon gwajin zai ɓatar da likita.

Matakan Aikin

1. A ɗauki hoton ƙashin da na'urar da ke kewaya kai, mai nuna tsawo da faɗi da zurfi. An fara amfani da irinta a Italiya da Jafan a ƙarshen shekarun 1990.
2. A ɗauki siffar haƙoran da ƙaramar kyamara, a haɗa hotunan biyu a kwamfuta. Nan likita zai zana hanyar da za ta kauce wa jijiya da saiwoyin haƙora.
3. Wata na'ura ta ƙera murfin roba mai ɗan bututu, wanda zai zauna daram a kan haƙoran.
4. Bayan allurar kashe zafi, a zura mahuji mai rami ta bututun, ya fito da ɗan guntun ƙashi.

Amfaninta shi ne rauni kaɗan da ƙarancin kuskure. Sai dai tana da tsada, kuma idan murfin ya goce, mahujin ma zai goce.

Kammalawa

Mu lura da kalmomin "mahuji" da "madubi". Daga "huje" da "duba" aka samo su, ta hanyar ɗafa "ma-" a farko da "-i" a ƙarshe. A ganina, da wannan ƙa'ida ya kamata mu raɗa wa murfin nan suna. Majiyyaci mai jin Hausa kaɗai yana da haƙƙin fahimtar aikin kafin ya amince, kuma wataƙila ɗayanmu ne zai yi masa tafinta. Wane suna za ku ba shi?