Ƙugiyar harafi a zanen salon Saul Bass

A shekarun 1950, Saul Bass, mai zane ɗan Amurka, ya yi suna da haruffan da yake tsarawa a fastocin fina-finai, irin su Vertigo na 1958 da Anatomy of a Murder na 1959. Haruffan kamar da almakashi aka yanko su: wani ya fi wani tsayi, gefensu a karkace.

Mai koyon salon yakan ja layi biyu da fensir, sannan da gangan ya bar wasu haruffa su ƙetare su. Sai ya kaurara jikinsu, ya yi wa O kusurwoyi, ya cike da baƙar tawada.

Wahalar tana bayyana idan kalmar ta Hausa ce. Turanci ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don haka babu samfurin da za a duba, ga shi salon ba ya son ƙari. Nan ne hannu ke saurin ɗaukar ƙugiya tamkar ado, alhali ita ce ke raba kafa da ƙafa, baki da baƙi.

Haɗarin ma biyu ne: ƙugiyar da aka ƙanƙance takan ɓace, hannun K da aka karkata don ƙawa kuma yakan koma Ƙ a idon mai karatu. Saboda haka a ba ƙugiya kauri daidai da jikin harafinta, a bar hannun K a miƙe. Kafin a zuba tawada, a kafa takardar a bango, wani ya karanta daga nesa.