Kafin Ka Goya Tukunyar Iska Ka Nutsa a Bahar Maliya

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Alƙahira ya rubuto mini cewa shi da abokansa za su je Dahab a hutun nan, kuma an yi musu tayin nutso da tukunyar iska. Ya ce ruwa ba baƙonsa ba ne, a bakin Kogin Binuwai ya tashi, tun yana yaro yake nutsewa ya damƙo yashin ƙasan kogi ya fito da shi. Abu ɗaya ke hana shi barci, wato kifin shak, kuma yana so in gaya masa yadda zai kare kansa.

Ƙanena, ka je. Da wannan zan fara, don kada abin da zai biyo baya ya sa gwiwarka ta yi sanyi. Har yau ina tuna wata safiya a Abu Dabbab, kusa da Marsa Alam, da na sauka kan wani fili na ciyawar teku na tarar da wata ƙatuwar dabba tana kiwo, tana tayar da ƙurar yashi da leɓenta kamar saniya a fadama. Dugon ake kiranta, 'yar'uwar ayun nan ce da masuntan Binuwai suka sani. Ban matsa ba, ita ma ba ta kula ni ba. Ta ci ciyawarta, ta tashi a hankali ta je sama ta shaƙi iska, ta dawo ta ci gaba. Na fito daga ruwan nan bakina cike da tasbihi. Ina yi maka fatan irin wannan gani.

Sai dai abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne abin da kake ganin ya ba ka kariya, wato iya nutson kogi. Mai nutso a kogi ya saba da abu ɗaya tun yana ƙarami: ya cika ƙirji a sama, ya riƙe numfashi, ya nutsa, in ya ji wuya ya yunƙuro sama da sauri. Wannan sabon ya ceci rayuka da yawa a kogi. Da tukunya a baya kuwa, shi ne yake kisa.

Ga dalili. Duk mita 10 da ka sauka a teku, ruwa yana ƙara maka nauyi daidai da nauyin dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Idan ka shaƙi iska a sama ka nutsa da ita, za ta takure a huhunka, in ka taso ta koma yadda take, ba abin da ya ɓaci. Na'urar shaƙa kuwa, wadda Jak Kusto da Emil Ganyan suka ƙera a Faransa a 1943, aikinta shi ne ta ba ka iska daidai da matsin wurin da kake. Ke nan ƙirjin da ka cika a mita 10 yana ɗauke da iskar da za ta cika ƙirji biyu a sama. Ka rufe maƙogwaro ka taso, iskar nan za ta buɗe, ba ta da mafita, sai ta keta huhu. Huhu ba ya yi wa mutum kashedi da zafi kafin ya yage. Kumfar iska ta shiga jini, ta je ta toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, mutum ya fito kan ruwa ya sume cikin 'yan mintoci. Kada kuma ka ce ai ba zurfi za ku yi ba. Daga mita 30 zuwa 20 iska kashi ɗaya cikin uku kawai take ƙaruwa, daga mita 10 zuwa sama kuwa ninkawa take yi. Da ƙirji cike tam, tasowar da ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba ta isa ta yi ɓarna.

Don haka doka ta farko ita ce numfashi ba ya tsayawa, ko na ƙiftawar ido. Shaƙa a hankali, fitarwa a hankali. Ko abin shaƙar ya fita daga bakinka, ka riƙa sakin 'yan ƙananan kumfa har ka mayar da shi.

Ba wanda yake riƙe numfashi da gangan, firgita ce take jawo shi. Ruwa ya shiga gilashin fuska ya taɓa hanci, ko wani kifi ya ɓullo daga bayan dutse ba zato, ga shi a ƙarƙashin ruwa komai yana ƙara girma a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matsowa kusa. Nan take jiki zai koma wa tsohon sabonsa, ƙafa ta fara harbi, maƙogwaro ya rufe. Maganin wannan a ruwa marar zurfi ake haɗa shi, inda za ka iya miƙewa tsaye. Ka sa malamin nutso ya bar ka ka cika gilashin da ruwa ka fitar, ka cire abin shaƙa ka mayar, sau biyar, sau goma, har abin ya daina ba ka tsoro. In ya ce lokaci ya ƙure, ka ce ba ka shirya ba, kuɗinka ne kuma ranka ne. Ka kuma koyi maganar hannu. Ɗaga babban yatsa a can ƙasa yana nufin mu hau sama. In lafiya kake, sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Yanzu shak. Yana nan a Bahar Maliya, kuma ba zan ce maka bai taɓa kisa ba. A watan Disamba na 2010 an kai wa masu iyo hare-hare a Sharm al-Shaik, wata baƙuwa Bajamushiya ta rasu. Amma a duniya baki ɗaya, cizon da shak yake yi ba tare da an tsokane shi ba bai cika kaiwa 100 a shekara ba, kuma akasarin waɗanda abin ke shafa masu iyo ne da masu wasa a saman ruwa. A gaɓar Dahab da wuya ma ka gan shi. Masu neman sa sai sun shiga jirgi sun nufi wurare irin su Elfinston a kudancin Masar, ko Sanganeb da ke gaban Bur Sudan, inda masu kai kamar guduma suke wucewa garke-garke. In Allah ya haɗa ku, ka tsaya kusa da abokan nutsonka, ka fuskance shi, hannuwanka a ƙirji, kada ka juya masa baya kana fafutuka. Kada kuma ka bi duk wanda ya ce zai watsa nama ko kifi don ya jawo maka shi ka ɗauki hoto. Mai yin haka yana koya wa dabbar ta haɗa mutum da abinci, wani bawan Allah ne zai biya bashin daga baya.

Waɗanda suka fi raunata baƙi a Dahab ƙanana ne, kuma ba sa farautar kowa. A can galibi daga gaɓa ake shiga ruwa da ƙafa, a nan ne kifin dutse yake kwance, kamanninsa sak dutse mai gansakuka, ga ƙayoyi masu mugun dafi a bayansa. Ka sa takalmin nutso mai kauri, ka bi sawun jagora. Akwai kifin zaki mai kyan fuka-fukai kamar an yi masa ado, shi ma dafin yana ƙayarsa. In ɗayansu ya soki mutum, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure ba ƙuna, wajen digiri 45, na rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, a kuma nufi asibiti. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. Akwai murjanin wuta, launinsa rawaya-rawaya da farin baki, gogarsa kaɗan sai fata ta ɗauki raɗaɗi. Shi kuma da ruwan teku ake wankewa a zuba ruwan khal, ruwan famfo ƙara tayar da shi yake yi. Wanda na fi jin tsoro saboda kyansa shi ne wani dodon koɗi mai siffar mazurari da zane kamar atamfa. Mutum ya ɗauka ya sa a aljihu don tsaraba, alhali mai gidan yana ciki da ƙaramin mashinsa, kuma dafinsa ba shi da makari. Sai wani babban kifi mai ƙarfin haƙori da ke gadin ƙwansa a rami cikin yashi lokacin zafi. In ya taso maka, ka yi gefe a kwance kana sa takalman iyo tsakaninku, domin yankin da yake karewa buɗewa yake yi ta sama, mai gudu sama yana ƙara shiga gonarsa ne.

Ka lura, kusan duk waɗannan raunukan daga hannu ko tafin ƙafa suke farawa. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina su harɗe hannu tun daga shiga har fita. Ribar hakan ba ta tsaya ga lafiyarka ba. Murjanin da kake gani kamar dutse dabba ce mai rai, manyan dunƙule-dunƙulensa wajen santimita ɗaya suke ƙaruwa a shekara, abin da ƙafa ɗaya ta karya ba zai dawo a zamanin mai ƙafar ba. Ɗaukar sa ma laifi ne a dokar Masar. Kififiya kuma, wato kunkurun teku, da huhu take numfashi kamar mu. Masu riƙe ta don hoto suna hana ta hawa shan iska ne, wannan zalunci ne, kuma yana ɓata mini rai duk lokacin da na gani. Na kuma lura cewa wanda ya natsu ya bar hannunsa wuri ɗaya shi dabbobin suke matsowa kusa da shi.

Akwai haɗari na biyu a cikin iskar kanta. Abin da ke cikin tukunya iskar da muke shaƙa ce aka matse, kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin. A ƙasa wannan naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka. In ka taso a hankali zai fita ta numfashi, in ka yi sauri sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa, ya jawo ciwon gaɓoɓi, ko dindiris, ko shanyewar jiki. Ka taso da saurin da bai wuce mita 9 zuwa 10 a minti ba, ka dakata minti 3 a mita 5. Bayan nutso ɗaya kada ka hau jirgin sama sai an yi awa 12, in kun yi da yawa sai awa 18, ni dai kwana guda cur nake ba wa kaina. Ga wani abu da ya shafe ku kai tsaye. Na san da wuya ɗalibi Musulmi ya je Dahab bai yi sha'awar hawa Dutsen Sina ba, tsayinsa kuwa ya haura mita 2,200. Hawansa bayan nutso daidai yake da hawa jirgi. Ku fara da dutsen, ku ƙare da teku. In wani ya ji baƙon ciwo ko kasala mai tsanani bayan fitowa, a kwantar da shi a ba shi oksijin, a nufi asibitin da ke da ɗakin matsin iska, akwai shi a Sharm al-Shaik. Kada a mayar da shi ruwa da sunan magani.

Za a yi muku tallan Bulu Hol, wani rami mai zurfin gaske da ke arewa da garin. Bakinsa yana da kyau, ana iyo a kai lafiya. Amma can ƙasa, wajen mita 55, akwai wata ƙofa da ke ɓullewa cikin teku, neman ta ya ci rayukan ƙwararru da dama. Tun daga wajen mita 30 naitirojin yake fara juya tunani kamar maye. Iyakar ɗan gwaji mita 12 ce tare da malami a gefensa. Wanda ya yi kwas na kwana uku zuwa huɗu ya karɓi shaidar farko, irin ta PADI ko SSI, iyakarsa mita 18. Kada zugar abokai ta wuce da kai nan.

Saura maganar lafiya, kuma a nan akwai abin da ya shafe mu fiye da sauran baƙi. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala duk masu tayar da ciwon ne. Mai rukunin AS ya ga likitan da ya san harkar nutso tukuna. Haka mai farfaɗiya, da mai asma, da mai ciwon zuciya, mai juna biyu kuwa ta haƙura sai ta sauka. Takardar tambayoyin lafiya da za a miƙo maka ka cika ta da gaskiya, kada ka bi layi kana rubuta a'a don a bar ka ka shiga. In kana mura ka ɗage, domin kunne ba zai buɗe ba. Tun daga mita na farko za ka riƙa toshe hanci kana hurawa a hankali don daidaita kunne, in ya yi zafi ka ɗan hau ka sake gwadawa, kada ka matsa. Ban kuma ba da shawarar nutso da azumi a baki ba, saboda bushewar jiki tana taimaka wa ciwon kumfar nan.

Idan kun isa, kada araha ta zaɓa muku wuri. Ka nemi ganin lasisin masu wurin da katin malamin, ka ce a nuna maka tukunyar oksijin ta gaggawa, ka tambayi mutum nawa malami ɗaya zai riƙe. Ka ɗanɗana iskar tukunyarka tun a tudu, in ka ji warin mai ko hayaƙi ka ce a canza. Duk wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ka yi masa sallama ka nemi wani.

Ƙanena, shawarata ita ce ka haƙura da gwajin rabin yini, ka tara kuɗin ka yi cikakken kwas, ka kuma gaya wa malamin tun ranar farko cewa ka saba nutson riƙe numfashi, don ya sa maka ido a kan wannan. Ka karanta wa abokan tafiyarka wannan amsa kafin ku tashi daga Alƙahira. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.