Yadda za ki tsaya wa maigida idan sankarar jini ta zo zama

Akwai nau'in sankarar jini da ba ta kayar da mutum farat ɗaya. Likitoci na kiranta CML. Ɓargo ne ke ta fitar da fararen ƙwayoyin jini fiye da kima, saifa ta kumbura, mutum ya rame, gumi ya dame shi da dare. Tun da aka fara amfani da maganin imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, a 2001, masu wannan ciwo da yawa suna shekara da shekaru suna harkokinsu. Sharaɗin dai shan magani kullum da gwajin jini a kai a kai. Da ke nake magana, uwargida, amma maigidan da matarsa ce ba lafiya, shi ma ya kasa kunne.

Da farko, ki shiga ɗakin likita tare da shi, kada ki tsaya a benci. Wanda aka ce wa yana da daji, rabin bayanin likita ba ya shiga kunnensa. Ki rubuta sunan ciwon, sunan maganin da ranar dawowa. Sashen cututtukan jini na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, nan ne wurin wannan lalura. Ki tambayi likitan hanyar samun Glivec kyauta, domin an daɗe ana bayar da shi ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da tallafin gidauniyar Max. Akwai nisa, amma sayen maganin wata-wata ya fi kuɗin mota nauyi nesa ba kusa ba.

Sai shan maganin. Ki haɗa shi da abin da ba a tsallakewa, kamar tuwon dare, domin imatinib da abinci da babban kofin ruwa ake shansa. Idan an canza masa zuwa nilotinib, shi kuma sai ciki ba komai. Kumburin fatar ido, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyar ƙafa duk suna iya zuwa. A gaya wa likita, kada a ajiye magani saboda su.

Inda na fi jin tsoro shi ne bayan 'yan watanni, lokacin da saifa ta sace, jiki ya dawo, ya fara cewa "ai na warke". Bai warke ba, maganin ne ya danne ciwon. Idan aka riƙa tsallake kwanaki, ciwon na iya daina jin maganin, ko ya rikiɗe zuwa mai tsanani. Kada ki mai da abin faɗa ko titsiye. Ki kawo ƙwayar da ruwan tare da abinci, kamar yadda kike kawo cokali. A daidai wannan lokacin ne kuma dangi ke zuwa da sassaƙe da jiƙe-jiƙe, da kyakkyawar niyya. Ki ce, "Hajiya, mun gode, Allah ya saka da alheri, sai dai likita ya ce hantarsa ba za ta ɗauki biyu ba." Addu'a kuwa a yi ta ba ƙaƙƙautawa, ba ta cin karo da magani.

Na gaba, ki buɗe fayil guda na takardun gwaji. Babban gwajin shi ne na BCR-ABL, wanda ake yi kusan duk wata 3 da farko. Abin da likitoci ke nema shi ne sakamakon ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa a wata 3, kashi 1 a wata 6, sannan 0.1 a wata 12. Kwanakin jiran sakamako za ki ga ya yi shiru ko yana saurin fushi. Fargaba ce, ki yi masa uzuri. Idan lambar ta ɗan motsa sau ɗaya, yawanci maimaita gwajin ake yi kafin a yanke hukunci.

Zazzaɓin da ya kai 38, haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa, numfashi sama-sama, ko ciwo mai tsanani a hagun ciki: asibiti kai tsaye, ba kemis ba, ko da kin tabbata maleriya ce.

Kafin azumi, ku je ku tsara lokacin shan magani da likita. Idan matar ce ke sha, kada a ɗauki ciki sai da shawararsa, domin maganin na iya cutar da jinjiri. Ciwon ba a ɗaukarsa, don haka kwano ɗaya da shimfiɗa ɗaya su ci gaba yadda suke.

Ke ma kada ki ɗauki kayan ke kaɗai. Ki zaɓi mutum guda a danginsa, wa ko ƙani mai riƙe sirri, ki nuna masa fayil ɗin da ranakun asibiti, domin ranar da kika kwanta ciwo ko kika yi tafiya ya san inda aka tsaya.